Yaron da Ya Sa wa Iska Linzami, da Maƙerar da Fim Ya Ɓoye

A ranar 1 ga watan Maris na 2019 kamfanin Netflix ya saki fim ɗin The Boy Who Harnessed the Wind, wato yaron da ya sa wa iska linzami. Chiwetel Ejiofor, ɗan wasan Ingila wanda iyayensa ƴan Nijeriya ne, shi ya tsara labarin, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin uban yaron. Tushen fim ɗin littafi ne mai wannan suna da ya fito a 2009, wanda William Kamkwamba ya rubuta tare da ɗan jarida Bryan Mealer, inda William ya ba da tarihin yadda ya ƙera injin iska a ƙauyensu na yankin Wimbe, cikin gundumar Kasungu ta ƙasar Malawi, yana ɗan shekara 14.

Fim ne mai kyau, kuma zan faɗi kyawunsa kafin komai. Amma wanda ya karanta littafin sannan ya kalli fim ɗin zai ga an sauya wasu abubuwa, kuma duk sauye-sauyen gefe guda suka karkata. Sun ɗaga yaron sama, sun rage girman wurin da ya yi renon hannunsa. Wannan ya dame ni, domin yanzu a biranenmu ana ta buɗe zaurukan ƙere-ƙere na jama'a, inda yaro ko babba zai shiga ya koyi walda, ɗinki, sassaƙa ko haɗa na'ura don sha'awa, kuma sau da yawa labarin William ake kawowa misali. Idan an ɗauki labarin a karkace, darasin ma a karkace za a ɗauke shi.

Abin da fim ɗin ya iya

Ejiofor ya ɗauki fim ɗin a Malawi, kuma ya bar mutanen ƙauye suna magana da Cicewa, harshensu, ya ajiye Turanci a makaranta da bakin ƴan boko. Shi da Maxwell Simba, yaron Kenya da ya fito a matsayin William, da Aïssa Maïga da ta fito a matsayin uwa, babu ɗan Malawi a cikinsu, sai da suka koyi harshen. Wannan wahala da suka sha girmamawa ce ga masu labarin. An raba fim ɗin kashi-kashi bisa tafiyar shekarar manomi, daga shuka zuwa girbi, daga girbi zuwa yunwa, daga yunwa zuwa iska, kuma rabon ya dace da ƙauyen da agogonsa damina ce.

Inda ya fi ƙarfi shi ne yunwar 2001 zuwa 2002. Bai nuna ta da kukan jarirai da ƙudaje a fuska ba, irin hoton da tashoshin waje suka saba. Ya nuna ta a lissafi: uba ya leƙa rumbu ya ƙidaya buhu, iyali su zauna su yanke shawarar cin abinci sau ɗaya a rana, a yi gardama a kan wane lokaci za a ci shi, mutane su yi turereniya a ƙofar ma'ajiyar hatsin gwamnati har a rufe ta da sauran jama'a a waje. Wanda ya ga shekarar 2005 a karkarar Maraɗi ko Damagaram ba ya bukatar a fassara masa waɗannan wurare. Haka kuma wurin da sarkin Wimbe ya tashi a taron shugaban ƙasa ya roƙi a yi tanadin abinci, masu tsaro suka ja shi gefe suka lakaɗa masa duka. Fim ɗin bai ɗora laifin yunwa a kan sama kaɗai ba, ya nuna hannun mutane a ciki: kamfanin taba da ke sayen itatuwa a sare, da hukumar da ke musun akwai yunwa.

Ejiofor kansa ya yi wasa mai nauyi. Trywell ɗinsa mutum ne mai zuciya da ya ga gonarsa ta gagare shi, sai fushin ya koma kan na ƙasa da shi. Ba a mayar da shi mugu ba, ba a kuma wanke shi ba.

Inda aka taɓa labari

Sauyi na farko ya shafi ɗakin karatu. A fim, ɗakin yana cikin makarantar sakandaren da aka kori William saboda rashin kuɗin makaranta, kuma hanyar da ya bi ya shiga ita ce barazana: ya gano malaminsa na kimiyya yana soyayya da yayarsa a ɓoye, sai ya riƙe wannan sirri ya matsa masa. A littafi babu wannan dabara. Bayan ya bar makaranta don iyayensa sun kasa biyan abin da ya kai dalar Amurka 80 a shekara, William ya riƙa zuwa wani ɗan ƙaramin ɗakin karatu da aka buɗe a makarantar firamare ta Wimbe, mai littattafan da aka kawo gudummawa daga Amurka. Ƙofar a buɗe take. Malama Edith Sikelo da ke kula da wurin tana ba shi aron littafi, tana taimaka masa da kalmomin da suka fi ƙarfinsa. A nan ya sami littafin kimiyya mai suna Explaining Physics da wani mai suna Using Energy, wanda hoton injinan iska ke bangonsa. Turancinsa bai kai ya karanta su tiryan-tiryan ba, sai ya bi zane-zane, ya nemo kalmar da ke ƙarƙashin zane a cikin rubutu, ya haɗa ma'ana.

Dubi bambancin. Littafi yana cewa yaron da makaranta ta kora ya sami wata ƙofa da ba ta tambayi rasit ba. Fim yana cewa yaro mai wayo ya san yadda zai ɓalle ƙofar da aka rufe. Na biyun ya fi daɗin kallo, na farkon ne mai amfani ga magajin gari ko shugaban unguwa da ke tunanin abin da zai yi wa yaran da suka bar aji.

Sauyi na biyu shi ne dinamo, ƴar kwalbar ƙarfen nan da ke gogar tayar keke ta kunna fitila. A fim, yayar William ce ta bar masa dinamon keken malamin a ranar da suka gudu tare, kamar kuɗin fansar kanta. A littafi, abokinsa Gilbert, ɗan sarkin Wimbe, shi ya sa hannu a aljihu ya saya masa daga wani mai keke. Gilbert ne kuma ya sayi ƙananan kayan da ba a samu a juji. Geoffrey, ɗan baffansa, wanda suka fara gyaran rediyo tare tun suna ƙanana, suna tsintar tsofaffin batura a shara don gwaji, kusan ya ɓace daga fim ɗin. Mai waldan kasuwa da ya haɗa masa ƙarfen injin, wanda William ya yi aikin lada ya tara kuɗin biyansa, shi ma ba a ba shi wuri ba.

Sauyi na uku ya fi duka girma. A fim, injin yana caza batirin mota, batiri yana juya famfo, famfo yana jawo ruwan rijiya zuwa gona a tsakiyar fari, shuka ta tsiro, gari ya tsira. A zahiri injin ya tashi ne a 2002 bayan yunwar ta lafa, kuma abin da ya fara yi shi ne kunna ƙwan fitila guda. Daga baya ya haska ɗakunan gidansu, ya kunna rediyo, maƙwabta suka riƙa kawo salula caji. Famfon ruwa bai zo ba sai bayan shekaru, lokacin da jaridar Daily Times ta Malawi ta buga labarinsa a 2006, aka gayyace shi taron TED a Arusha ta Tanzaniya a 2007, masu hannu da shuni suka tallafa.

Na san mai fim yana da ƴancin matse shekara shida cikin awa biyu, kuma ba wanda zai sayi tikiti don ya ga ƙwan fitila ya kama. Ban zargi Ejiofor da ƙarya ba. Abin da nake cewa shi ne sauyin ya canza dalilin aikin. William na littafi yana ƙera abu ne don abin ya hana shi barci, yana son ya san me ke sa rediyo magana, me ya sa fitilar keke ke mutuwa in an daina taka feda. Tunanin ruwa da noman rani yana ransa, amma abin da ke gabansa shi ne ya daina kwanciya da faɗuwar rana don babu kananzir. William na fim an ɗora masa ran gari gaba ɗaya a ka, har aikinsa ya zama ba shi da hujja sai in ya ceci mutane.

Abin da aka zubar a hanya

Mafi daɗin shafukan littafin su ne na gwaji da faɗuwa, kuma su ne fim ya wuce da gudu. Ba shi da abin huda ƙarfe ko roba, sai ya soke ƙusa a totuwar masara, ya gasa ta a wuta, ya huda. Ba shi da wasa, ƴan zoben da ake sa wa kusoshi masu zare, sai ya daddaƙe marafan kwalba. Fukafukan injin bututun roba ne da ya tsaga ya gasa ya miƙar. Farfelar tsakiya daga tsohuwar tarakta ta fito, a jujin ƙarafa na wata gonar taba da aka yi watsi da ita kusa da makarantarsu. Hasumiyar itacen turare ce. Makunnin fitila daga robar silifa ya yanka shi. Da gara ta ci azarar ɗakinsa rufi ya rufta, wayoyi suka haɗu har gobara ta kusa tashi, sai ya koma littafi ya dubi zanen ƙararrawar lantarki, ya ƙera abin katse wuta da ƙusoshi biyu da waya da maganaɗisun lasifika.

Akwai kuma waɗanda ba su yi ba. Ya gwada ƙera famfon ruwa, bai ja ba. Ya dafa kashin awaki a tukunyar mahaifiyarsa yana neman iskar gas, abin da ya samu shi ne wari da faɗa. Ya haɗa ƴar tashar rediyo da tsofaffin na'urori, ya sa Geoffrey ya yi nisa da akwati a hannu don su ga inda murya za ta tsaya. Mu da muke cin abinci da makirfo, wannan shafi ya isa ya sa mu murmushi, domin babu ribar da yaron ke nema a ciki, so yake ya ji muryarsa ta fito daga akwati.

Wannan duka wasa ne, irin wasan da yaranmu ke yi in sun ƙera mota da karan dawa ko gwangwanin madara. Hausa ba ta da kalma guda ga aikin da mutum ke yi don jin daɗinsa, wanda ba sana'a ba ne kuma ba zaman banza ba. Muna da sana'a, muna da wasa, kuma babba da aka gani yana abin da ba ya kawo kuɗi sai a ce ba shi da aikin yi. Mutanen Wimbe ma haka suka yi wa William, suka kira shi mahaukaci, wasu suka ce wiwi yake sha, da damina ta yi gardama a wata shekara har aka zargi injinsa da korar hadari. Fim ɗin ya ba masu wannan magana amsa mafi sauƙi: ku yi haƙuri da shi, zai kawo muku ruwa. Uban da ya kalli fim ya koma gida ya tarar da ɗansa ya warware rediyo, tambayar da aka koya masa ita ce, to kai wane gari za ka ceta? Mafi yawan yara ba za su ceci kowane gari ba. Za su koyi riƙe abin aiki, su koyi cewa na'ura ba tsafi ba ce, su koyi sake gwadawa in abu ya ƙi, kuma wannan ya isa dalilin a bar su.

Maƙerar da ba ta da allo a ƙofa

In aka tattara abin da William ya samu a Wimbe, za a ga ɗakin littattafai da ba a biya, jujin da ba mai gadi, babba guda da ba ta kore shi ba, mai walda a kasuwa, abokai biyu, da lokaci mai yawa da rashin makaranta ya bar masa. Wannan shi ne zauren ƙere-ƙere, ko da ba a rubuta masa suna ba.

Irin zaurukan da ake kira Fab Lab sun samo asali ne daga jami'ar MIT ta Amurka, inda Farfesa Neil Gershenfeld ya fara wani darasi na koyon ƙera kusan komai a 1998. Ya lura ɗalibai suna tururuwa ne don su ƙera abin da ransu ke so, wanda ba a sayar da shi a kanti. Daga nan aka fara kai ƙananan ɗakuna masu injinan yanka da kwamfuta zuwa cikin al'umma, kuma ɗaya daga cikin na farko a wajen Amurka an buɗe shi ne a makarantar fasaha ta Takoradi a Gana a 2004. A Lome ta Togo, Sénamé Koffi Agbodjinou ya kafa WoeLab a 2012 cikin unguwa, kuma a nan ne Afate Gnikou ya haɗa na'urar buga abubuwa masu jiki, wadda ake kira firintar 3D, da sassan tsofaffin kwamfutoci da aka zubar. A Akara, DK Osseo-Asare da Yasmine Abbas sun yi aiki da matasan da ke fasa tsofaffin na'urori a Agbogbloshie, suka mayar da juji wurin koyo, kafin hukuma ta rushe kasuwar a 2021. William da kansa ya halarci bikin maƙeran Afirka na farko, Maker Faire Africa, a Akara a 2009. Ke nan masu wannan harka sun daɗe da ɗaukarsa nasu.

Wani zai ce mu da muke da kasuwar Katako a Yamai, inda ake narka gwangwani a zuba tukunya, ake mayar da tsohuwar ganga murhu da akwati, me za a koya mana? Kumasi tana da Suame Magazine, unguwa guda ta makanikai da maƙera. Gaskiya ne hannu ba baƙonmu ba ne. Sai dai hanyar shiga waɗannan wurare ƙunci gare ta. Ƙira da jima da dukanci gado ne a wurare da dama. Wanda ba ɗan gado ba sai uba ya kai shi ya danƙa wa maigida, ya shekara yana aike da wanke kayan aiki kafin a bar shi ya taɓa wuta, kuma an ɗauka sana'ar ce zai rayu da ita. Yarinya ba ta da wuri a can. Malamin makaranta ɗan shekara arba'in da ke son ya koyi sassaƙa ranar Lahadi, ko matar aure da ke son ta san yadda za ta haɗa farantin hasken rana da batiri a gidanta, su ma babu inda za su dosa. Sabon abin da zauren jama'a ya kawo shi ne wannan izini: ka shigo ba tare da gado ba, ka koyi abu ba tare da ka yi alkawarin zai zama sana'arka ba. Injinan leza da firinta ƙari ne a kai.

A nan ne kuskuren fim ɗin ke haɗuwa da kuskuren da ake iya yi da zaurukan. Mai ba da tallafi yana son gwarzo guda da za a ɗauka hoto, kamar yadda mai fim ke son sa. Sai a sayi injin mai tsada da kayan gyaransa sai an yi odo daga ƙetare, a ajiye shi a ɗaki mai sanyi a babban birni, a yi koyarwa da Faransanci ko Turanci, a shirya gasa, a nemi matashin da zai warware matsalar ruwa ko ta noma cikin mako biyu. Wanda ya zo don ya ɗinka jaka ko ya gyara fitilar kakarsa sai ya ji kamar ya ɓata wa mutane lokaci. In kuɗin shiri ya ƙare, a rufe ƙofa. Da a ce irin wannan zaure ne a Wimbe, da wuya William ya wuce mai gadi, yaro ne da aka kora daga aji, Turancinsa guntu, tufafinsa duk baƙin mai.

Abin da labarinsa na gaskiya ke nema ya fi wannan araha, ya kuma fi shi wuyar riƙewa. Ɗaki a cikin unguwa da ake buɗewa kullum. Guduma, zarto, abin lanƙwasa waya da na like ta, keken ɗinki, ƴan littattafai masu zane. Mutum guda mai haƙuri da ake biyansa albashi don ya zauna, irin Malama Sikelo. Maƙerin kasuwa da mai gyaran salula da madinkiya a gayyato su su koyar da harshen da suke ciniki da shi, a biya su kamar yadda ake biyan mai digiri. Sannan a yarda cewa cikin yara ɗari da za su shiga, watakila babu ko ɗaya da za a kira Arusha.

William ya yi karatu a African Leadership Academy a Afirka ta Kudu, ya kammala jami'ar Dartmouth ta Amurka a 2014. Ƙungiyar Moving Windmills da aka kafa a kan aikinsa ta sa a gaba gina cibiyar ƙere-ƙere a Kasungu, inda matasa za su sami kayan aiki da masu nuna musu hanya. Mutumin da ya fi kowa sanin labarin, da aka ba shi dama, wurin aiki ya nufa ya gina wa na bayansa.

Shawarata ga mai karatu ita ce ya kalli fim ɗin, ya kalle shi da iyalinsa, don yunwar da ya nuna da mutuncin da ya ba mutanen ƙauye sun cancanci awa biyun. Amma malamin da zai nuna shi a aji, ko mai zauren da zai haska shi ga sabbin ɗalibai, ya ɗora da karanta musu babin ƙusa da totuwa, da na tukunyar kashin awaki, ya kuma gaya musu cewa abin da injin farko ya kunna ƙwan fitila ne guda ɗaya, kuma Gilbert ne ya biya kuɗin dinamon.